Sutura a ƙofar gidan maser: tarihin wata tambaya daga Badar Gula

Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali daga wata tambaya da ba ta cikin tsarin bincikenmu. Mun je Badar Gula, cikin gundumar Dakwaro ta jahar Maraɗi, tare da ɗalibai, domin tattara kalmomin tufafi a bakin tsofaffi. A kan hanyar komowa mun yi niyyar tsayawa a Tsibiri mu gaisa da matan nan na cocin Katolika waɗanda suka keɓe kansu ga ibada ba su yin aure, waɗanda a nan Nijar ake kira «maser», daga faransanci « ma sœur », a Nijeriya kuwa «sista». Daren da za mu tashi sai wata ɗaliba ta ce: «Malam, wane kaya zan sa? In na je da hijabi, kada su ga kamar na zo da gardama. In na tuɓe shi kuma, ban san abin da za a ce a gida ba.» Tsohuwar da ta sauke ɗalibai mata tana jin mu, sai ta ce: «Ɗiyata, sa abin da za ki iya durƙusa wa surukarki da shi.»

Tambayar ɗalibar da amsar tsohuwar ba daga zamani ɗaya suka fito ba. Manufarmu a nan ita ce mu bi sawun tazarar da ke tsakaninsu. Abin da muke son nunawa shi ne, a tsohuwar Hausa sutura magana ce ta dangantaka tsakanin mutum da wanda yake gabansa, kuma sau biyu a tarihin wannan yanki aka mai da ita alamar ƙungiya, wato kafin jihadin 1804 da kuma daga shekarun 1990. Gidan maser wuri ne da ake ganin wannan sauyi a fili, domin nan ne al'adu biyu masu rufe kan mace suke haɗuwa ido da ido.

1. Kalmomin da muke aiki da su

Ya kamata mu fara da matsalar fassara, tunda mujallarmu ta harshe biyu ce. Faransanci yana da kalma guda, « voile », wadda ta haɗa lulluɓin maser da na musulma, har ma ana cewa « prendre le voile » ga macen da ta shiga rayuwar maser. Hausa ba ta yarda da wannan haɗi ba. Tana da jerin kalmomi, kowace da asalinta da zamaninta.

Rukunin farko na asalin Hausa ne. «Mayafi» sunan kayan aiki ne da aka gina da ɗafa-goshin ma- a kan aikatau «yafa», kamar yadda aka gina «maɗauri» a kan «ɗaura». «Lulluɓi» ya fito daga «lulluɓa». Dukansu suna bayyana motsin hannu ne, wato yadda ake ɗora zane a jiki, ba su faɗin iyakar wurin da za a rufe. Rukuni na biyu kalmomin kasuwa ne: «adiko» da «ɗankwali», wadda galibi ake danganta ta da kwalin da ake sayar da ƙyallen a cikinsa. Rukuni na uku daga Larabci yake: «al'aura», da «hijabi», da «sutura».

Waɗannan uku na ƙarshe ba lokaci ɗaya suka zauna a bakin talakawa ba. «Al'aura» kalmar fiƙihu ce, tana auna jiki gaɓa gaɓa. «Hijabi» a Alƙur'ani (33:53) labule take nufi; sunayen tufafin mata da suka zo a 24:31 da 33:59 su ne himari da jilbabi. Amfani da «hijabi» a matsayin sunan ɗinkakkiyar riga mai ramin fuska sabon abu ne, kuma tsofaffin da muka yi hira da su a Badar Gula duka sun girme shi. «Sutura» kuwa, daga tushen s-t-r, ta daɗe har ta yi rassa. Ana cewa an yi wa mamaci sutura, ana cewa miji yana bin matarsa da ci da sha da sutura, ana roƙon Allah ya suturta bawansa. A duk waɗannan misalai sutura abu ne da wani yake yi wa wani, ƴar'uwar «rufin asiri» ce. Kishiyarta, «tsiraici», ita ma ba ta tsaya ga fata ba, domin wanda aka tona masa asiri a gaban jama'a an tsiraita shi ko da yana cikin babbar riga.

A nan ne amsar tsohuwar ta samu gindin zama. Ba ta ambaci tsawo ko launi ba. Ta ambaci suruka, wato mutumin da ake jin kunyarsa. « Pudeur » da « décence » na faransanci ba su ɗauke wannan ma'ana duka ba, saboda kunya a Hausa tana da wanda ake yi wa ita: ana jin kunyar suruki, da ɗan fari, da malami, kowanne da irin tasa.

2. Mayafi a Gobir kafin zuwan mishan

Manoman da suka cika ƙasar Dakwaro a ƙarni na 20 sun hauro ne daga kudu da yamma, da yawansu daga Gobir da Katsina da Adar, suka zauna kusa da Fulani da Buzaye makiyaya. Saboda haka tarihin tufafin Badar Gula yana da saiwa a Gobir, inda mayafi ya taɓa zama maganar sarauta.

Ƴan shekaru kafin jihadin 1804, Sarkin Gobir Nafata ya yi shela a kan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Cikin abubuwan da ya hana har da naɗa rawani ga maza da yafa mayafi ga mata. Dalilin a bayyane yake: rawani da mayafi sun zama tambarin da ake gane mabiyan Shehu da shi a kasuwa, sarki kuwa ba ya son a riƙa ƙidaya su da ido. Wannan shi ne karo na farko da muka sani da sutura ta tashi daga kunya ta koma shaidar ƙungiya a wannan ƙasa. Muhawarar ta kai har Barno. A wasiƙun da Muhammadu Bello ya adana a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya amince cewa buɗe kai ga ƴaƴa mata laifi ne, amma ya ƙi yarda cewa yana fitar da mutum daga musulunci, balle ya halatta yaƙarsa.

Sarakunan da suka ƙi bin Sakkwato su ne suka kafa garuruwan da muke magana a kansu. Katsinawa suka zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A waɗannan ƙasashe bori da al'adun Azna sun ci gaba da rayuwa tare da musulunci, kuma tufafin matan karkara bai bi dokar Sakkwato ba. Ba rashin zane ne ya kawo haka ba. Lokacin da Heinrich Barth ya bi ta Tasawa ya nufi Kano a farkon 1851, ya ga yadda baƙin zanen rini na Kano, irin su turkuɗi, yake ratsa ƙasar nan zuwa Abzin. Amma zane dukiya ne, ana ajiye shi don buki. A ranar aiki matar aure tana ɗaurin ƙirji ta ɗaura kallabi, yarinya tana da bante, manomi yana da walki. Ba wanda ya kira wannan tsiraici, muddin an san gaban wanda za a ƙara mayafi.

3. Zuwan mishan da matsalar gidan da babu namiji

Mishan iri biyu suka shigo Nijar a zamanin mulkin Faransa. Ƴan SIM, Furotestan masu magana da Ingilishi, sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, sannan asibitin Galmi a 1950. Ba su da maser. Matansu ko dai matan aure ne ko ƴan mata ma'aikata. Katolika kuwa sun kafu a Yamai a 1931 ta hannun fada François Faroud na ƙungiyar SMA. A 1948 aka danƙa aikin ga ƙungiyar Rédemptoristes, a 1961 kuma Yamai ta zama dayosis, Hippolyte Berlier ya zama bishop na farko.

Gidajen maser da suka biyo baya, mafi yawansu ba irin rufaffun gidajen ibada na Turai ba ne. Gidaje ne na aiki, jingine da makaranta ko ɗakin shan magani ko wurin koyon ɗinki. Hausa ba ta ƙirƙiri kalma don « couvent » ba, sai ta ce «gidan maser» kawai. A ganinmu akwai wata wahala a ƙarƙashin wannan suna mai sauƙi. Al'ummar Hausa ta san kulle, amma kulle da miji ake yin sa. Ta kuma san gidan da balagaggun mata suke zaune ba maza, sunansa «gidan mata», kuma kowa ya san abin da ake nufi da shi. Maser ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba matar kowa ba ce, ba bazawara ba ce, ba kuma tsohuwar da ta gama aure ba.

Abin da ya fitar da ita daga zargi, kafin a san aikinta, tufafinta ne. Maser ta shekarun 1950 tana sanye da doguwar riga har idon sawu, mai dogon hannu, da lulluɓin da ba ya barin komi sai fuska. Wato a garin da matan gona ke ɗaurin ƙirji, wadda ta fi kowa rufe jiki Nasara ce kuma Kirista. Dokar cocin ta 1917, a sashe na 1262, ta wajabta wa mata rufe kai da sa tufafin kamun kai a wurin ibada, bisa dogaro da wasiƙar Bulus ta fari ga Korintiyawa, sura ta 11. Saboda haka a wancan zamani, in an yi maganar kayan da za a sa a je gidan maser, ƙari ake nufi: a nemo riga, a nemo kallabi. Azuzuwan ɗinkin mishan suna cikin hanyoyin da rigar mata ta bi ta shiga gidaje, tare da kasuwar atamfa da kuɗin gyaɗa.

Ya kamata mu ƙara da cewa mishan na Afirka ta Arewa sun daɗe da dabarar aron tufafin masu masauki. Ƙungiyar Pères Blancs, wadda Lavigerie ya kafa a Aljeriya a 1868, ta ɗauki farar riga da alkyabba irin ta Larabawa. Petites Sœurs de Jésus, waɗanda Magdeleine Hutin ta kafa a 1939 bisa tafarkin Charles de Foucauld, sun zaɓi shuɗin kaya mai araha da ɗan kallabi, kuma da shi suka zauna cikin makiyaya a yankin Agadas. Wannan ma wani nau'i ne na kunya: baƙo yana duba mai gida kafin ya sa kaya.

4. Lokacin da ma'auni ya juya

Daga shekarun 1960 ɓangarorin biyu suka kama hanya, kowanne ya nufi inda ɗayan ya baro. A watan Satumba 1964 ƙungiyar Filles de la Charité ta ajiye babbar hularta mai fukafukai. A ran 28 ga Oktoba 1965 babban taron Vatican na biyu ya fitar da dokar Perfectae caritatis, wadda ta nemi tufafin masu rayuwar ibada su zama masu sauƙi da kamun kai, su kuma dace da lafiya da lokaci da wuri da irin aikin da ake yi. Riguna suka ragu, lulluɓi ya koma ɗan ƙyalle a bayan kai. Sabuwar dokar coci ta 1983 ba ta maimaita wajabcin rufe kai ba. A lokaci guda maser ƴan Afirka suka yawaita, waɗansu ƙungiyoyi kuma suka karɓi atamfa.

A ɓangaren musulmi akasin haka aka yi. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azinta kuma ya shigo Maraɗi ta hanyoyin kasuwanci da suka haɗa garin da Katsina da Kano. Bayan babban taron ƙasa na 1991 an buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin addini, makarantun islamiyya na matan aure suka yaɗu, hijabi ya zama kayan zuwa makaranta kafin ya zama kayan zuwa kasuwa. Kada a manta da aljihu: bayan karyewar darajar sefa a Janairu 1994 turmin atamfa ya yi tsada, hijabi guda kuwa yana rufe tsohon zane da tsohuwar riga. Adeline Masquelier ta bi wannan sauyi a Dogon Dutsi a littafinta na 2009. Matan da dama sun same shi hanyar fita neman ilmi ba tare da an zarge su ba, kuma wannan riba ce da bai kamata a raina ba.

Amma sutura ta sake zama tambari, kamar a zamanin Nafata, sai dai yanzu wadda ba ta sa ba ita ake ƙidayawa. A farkon shekarun 1990 an far wa ƴan mata masu sa bujebuje a Damagaram, ana ɗora musu laifin rashin ruwan sama. A Nuwamba 2000, lokacin da aka kawo bukin nunin tufafi na FIMA, wanda Alphadi ya ƙirƙira a 1998, zuwa Yamai, zanga-zanga ta tashi a Yamai da Maraɗi. A Maraɗi an kai hari ga mashaya da gidajen mata marasa aure da kuma wuraren Kirista. Barbara Cooper ta buɗe littafinta na 2006 da nazarin wannan tarzoma. Abin lura a gare mu shi ne yadda aka haɗa coci da gidan mata a jeri ɗaya, wato iyakar da tufafin maser ya shata a shekarun 1950 ta goge a idon masu tarzomar. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙona coci-coci da makarantun mishan a Damagaram da Yamai, har da gidajen maser.

A cikin wannan yanayi ne aka kafa dayosis ta Maraɗi a 2001, Ambroise Ouédraogo ya zama bishop na farko. A 2006 Marie-Catherine Kingbo, ƴar Senegal, ta kafa ƙungiyar Servantes du Christ a wannan dayosis, suka yi aiki a Tsibiri da Ɗan Bako kan tamowar yara da karatun ƴan mata da yaƙi da auren wuri, tare da zama da limamai da hakimai. Ta rasu a 2021. Bisa ƙidayar 2012 Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, don haka kusan duk macen da ta ƙwanƙwasa ƙofar irin wannan gida musulma ce, kuma sau da yawa da yaro marar lafiya a bayanta.

5. Komawa ga tambayar

Yanzu muna iya gane abin da ya dami ɗalibarmu. A 1955 baƙuwa tana tsoron kada ta gaza maser sutura. A yau sau da yawa baƙuwa ta fi mai gida rufe jiki, tana kuma tsoron abu biyu: kada hijabinta ya zama kamar tuta a gidan mutane, kada kuma tuɓe shi ya zama kamar ta bar addininta. Duka tsoron biyu sun ɗauka cewa tufafi shela ce. Ga ɗalibar jami'a wannan damuwa ce ta dare ɗaya. Ga matar Badar Gula da ke shawarar kai ɗanta mai tamowa wurin maser, in har zuwan ya zama abin da sai an kare shi a gaban miji da maƙwabta, jinkirin kwana biyu yana iya cin rai.

Abin da muka gani a aikace bai kai tsoron ba. Wanda ya je irin wannan gida yana sa abin da zai sa in za shi gaida babba: mace zane ko doguwar riga da ta wuce gwiwa sosai, da rufaffiyar kafaɗa, da ɗankwali ko gyale ko hijabi, duk wanda ta saba da shi, namiji riga da dogon wando. Ana barin ado mai yawa da turare mai ƙarfi, domin gida ne na waɗanda suka yi alkawarin talauci. Ana sallama a tsaya inda aka tsai da baƙo, ba a shiga ɓangaren ɗakunan kwana, kamar yadda baƙo namiji ba ya wuce zaure. Bambancin da ya kamata a sani ɗaya ne: a ɗakin addu'arsu al'adar cocin ita ce namiji ya cire hula, alhali a wurinmu cire hula gaban manya rashin ladabi ne. Wanda ba zai iya ba sai ya tsaya daga ƙofa.

Ɗalibarmu ta je da hijabinta. Maser da ta tarbe mu tana sanye da zanen atamfa da ɗan kallabi, ta ce mata «Sannu da zuwa, ƙanwata», ta kawo ruwa. Ba a yi maganar kaya ba ko sau ɗaya.

Kammalawa

Mun ga cewa «sutura» tana ɗauke da ma'anoni biyu da suke ja-in-ja tun ƙarshen ƙarni na 18: wadda ake yi wa mutum don girmama shi, da wadda ake sawa don a san ɓangaren da mutum yake. Ta biyun ta fi ƙarfi a lokutan rikici, ta farkon kuwa ita ce ta zauna cikin nahawun harshe, a cikin «yi wa» da «jin kunyar». Muna ba masu aikin ƙamus na Hausa da faransanci shawara su daina fassara « voile » da kalma guda, su kuma sa wa «hijabi» ta tufafi alamar sabuwar ma'ana. Aikin da ya rage shi ne a tattara kalmomin tufafi na Fulatanci da Tamajak a Badar Gula da kewayenta a gwada su da na Hausa, domin a wurin Buzaye namiji ne yake rufe baki a gaban surukinsa, kuma muna zaton irin amsar da tsohuwar nan ta bayar za a same ta a can ma.